Edita, ta ina intanet ke zuwa mana kuma wa ke rike da makunninsa?

Assalamu alaikum Malam Edita. Da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ya aiki ya kuma hakuri da mu masu yawan turo wasika, Allah ya kara basira. Ni dai karamin dan kasuwa ne a Funtua, ina da dan shago ba nisa da tasha, ina POS ina cajin waya ina saida data da kati, in lokacin rijistar jarabawa ya zo kuma yara su cika min shago ina taya su cike fom a kwamfuta. Kaga kenan tuwona gaba daya a jikin sabis yake, ranar da sabis ya dauke to ranar sai dai a ci na jiya. Maganar da zan yi din nan a jikina na ji ta, dan Allah ka daure ka buga ko da zaka rage mata tsawo.

Abin da ya sa na dauki waya na fara rubutun nan, wata rana ce kwanakin baya mun fito sallar magariba ana zaune ana jiran isha'i, sai yara suka kaure da ihu suna nuna sama. Muka daga kai sai ga wasu fararen fitilu a jere kamar an ja carbi, suna tafiya a hankali ba kara ba hayaki, daya na bin daya, sun fi ashirin, suka ratsa sama can suka bace. Wallahi kafin a idar da isha'i bidiyon ya gama zaga WhatsApp, wani ya dora murya a kai yace jiragen wata kasa ne ke mana leken asiri, wani yace aljanu ne ke kaura, wata baiwar Allah kuma a guruf din danginmu ta turo murya tana kuka wai alamar tashin alkiyama ce. Na tausaya mata sosai dan da gaske tsoro ya kama ta. Sai wani yaro makwabcina da ke karatu a jami'a a Zariya yace a'a, taurarin dan adam ne na kamfanin Starlink mai ba da intanet ta sama, in aka harba su sabo sabo haka suke tafiya a layi kafin kowanne ya haura mazauninsa, kuma hasken nan rana ce ke dukansu, mu nan kasa ta fadi mana amma su can sama har yanzu tana kansu. Nan take wani dattijo da kullum yake zama a bencin kofar shagona yace to ai shikenan dama daga can intanet ke sauko mana, kowa ya gyada kai. Ni kuma nan ne abin ya tsaya min a rai, dan nima haka na dauka shekara da shekaru, ina cin abinci da abu ban san ta kofar da yake shigowa ba, har sai ranar 14 ga watan Maris na 2024.

Alhamis ce ranar, azumi na hudu a baki. Na bude shago da safe lafiya lau, wajen hantsi sai na'ura ta fara juyi, ka sa kati ta yi ta juyawa ta yi ta juyawa can tace ba ta samu ba, ka sake, shiru. Na canza layi na sa na wani kamfanin, shi ma da kyar yake rarrafe. Manhajar banki ta ki budewa kwata kwata. Mutane suka fara taruwa, wani an cire masa kudi a can bai sauka nan ba, wani ya tura wa mai nama kudi alat ya ki shigowa mai nama yace shi fa sai ya gani a wayarsa, aka yi ta cacar baki da bakin azumi. Wadda har yau nake tunawa wata tsohuwa ce da danta ya turo mata kudin cefanen shan ruwa daga Legas, ta zauna a bencin nan tun hantsi har aka kira la'asar, duk bayan dan lokaci tace dana a sake gwadawa, in sake, in ce Baba a kara hakuri. Daga karshe dai na ciro dan abin da ke aljihuna na ba ta nace ta je in ya gyaru ta dawo, kuma ta dawo bayan kwana biyu, Allah ya saka mata. A ranar ba irin labarin da ban ji ba, wasu suka ce gwamnati ce ta kashe, wasu suka ce za a sake canjin kudi ne tunda wahalar takardun naira ta farkon 2023 bata bar zukatan mutane ba, har akwai wanda ya rantse min cewa tauraro ne ya fado. Sai da daddare bayan tarawihi na kunna rediyo naji ana cewa wai wayoyi ne suka katse a karkashin teku. Nace teku kuma? Mu da ke nan Funtua ina mu ina teku?

Tun daga ranar na sa kaina bin diddigin abin, ina karantawa a hankali ina tambayar wadanda suka fi ni sani, kuma abin da na gano shi nake so jama'a su ji. Ashe sakonnin da ke tsallakawa daga nahiya zuwa nahiya, sama da kashi 95 cikin 100 ta cikin igiya suke bi, igiyar da jiragen ruwa suka shimfida a kan kasan teku, irinsu sun haura 500 a duniya. A can cikin zurfi kaurin igiyar bai wuce na tiyon ban ruwa ba, a tsakiyarta kuma wasu zarurruka ne na gilashi sirara kamar gashin kai, haske ne ke gudu a cikinsu dauke da muryarka da hotonka da kudinka, shi ne ake ce wa fayiba. Wato in na tura wa kanina da ke Kano sako ta WhatsApp, yana iya gangarawa Legas ya shiga ruwa ya je wata katuwar kwamfuta a Turai ya juyo, duk kafin in kifta ido. To a waccan ranar guda hudu ne suka lalace kusan lokaci daya a gabar tekun Kwaddebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kuma masana sun fi karkata ga cewa kasa ce ta zaftare a karkashin ruwa, dan daura da Abijan akwai wani wawakeken kwazazzabo a cikin teku da Faransawa suka sa wa suna rami mara gindi. Kwaddebuwa da Laberiya da Benin da Gana da Burkina Faso duk sun ji jiki, wasunsu ma sun fi mu, har Afirka ta Kudu abin ya taba. Gyaran kuma ba irin na mai gyaran wayar wuta bane da zai hau tsani ya daure. Jirage na musamman ke yi kuma ba su da yawa a duniya, daya daga cikin wadanda suka zo daga Afirka ta Kudu ya taso, sai ya yi kwanaki a hanya, ya nemo daidai wurin, ya zura kugiya cikin ruwa mai zurfin kilomitoci ya lalubo bakin igiyar ya jawo ta sama, a dinke zaren gilashin daya bayan daya a mayar. Makonni aka dauka kafin a gama da su duka. Kuma wai ashe duk shekara ana samun irin wannan katsewar fiye da sau 100 a duniya, yawanci ragar masunta ce ko angar jirgi ke ja, ba ma ji ne kawai saboda ana karkatar da kaya ta wata igiyar. A watan Fabrairun shekarar ma an samu irinta a Bahar Maliya, a watan Mayu kuma a gabashin Afirka.

Abin ma ya dade Edita. Tun 1858 Turawa suka ja igiyar tangarahu ta farko ta ratsa tekun Atlantika, sakon Sarauniya Biktoriya zuwa ga shugaban Amurka sai da ya ci wajen awa 16 kafin ya gama isa, igiyar kuma sati uku kacal ta yi ta mutu, amma ba su hakura ba. Mu a nan daga wajen 2002 SAT-3 ce kusan kadai muke rataye da ita, shi yasa wadanda suka yi zamanin kafe, wato shagon shiga intanet, suke tuna yadda awa daya ke karewa shafi biyu bai gama budewa ba. A 2010 wata 'yar Najeriya injiniya, Funke Opeke, ta jagoranci jawo MainOne daga Fotugal zuwa Legas wajen kilomita 7,000, shekarar ce kuma Glo-1 ta zo, WACS da ACE suka biyo a 2012. Google ya kawo tasa mai suna Equiano a 2022, ita ce ma ta dauki kaya da yawa ranar da sauran suka katse dan ita bata tabu ba. Sai kuma 2Africa mai tsawon kilomita 45,000 wadda kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp ke ciki tare da wasu, ta zagaye nahiyar nan kaf, ta sauka a Legas da kuma Akwa Ibom. Ka lura da abu biyu a nan, kusan dukkansu bakinsu a Legas yake, sannan manyan na baya bayan nan masu manhajojin da muke wuni a kai su ne dai masu hannu a igiyar.

To daga Legas zuwa kofar shagona fa? Nan ne namu laifin yake kuma nan ne na fi jin ciwo. Sama da kilomita 800 ne, kuma duk tsawon nan igiyar a gefen titi aka binne ta, karfen sabis din da muke gani a unguwa shi dai dan karba ya mika ne tsakanin wayarka da igiyar. Duk sanda aka ce ana aikin titi ko kwalbati ko magudanar ruwa sai gabana ya fadi, dan katafila na kafa baki sau daya ta tumbuko ta shikenan gari guda ya shiga duhu. Da idona na ga wani bututu mai ruwan lemo a yashe a bakin hanya bayan an gama wani aiki, ya yi sati a fili rana na dukansa, yara na tsalle a kai, wani ya zo da wuka ya yanki guntu yana dubawa wai ko akwai jan karfe ya kai wa 'yan jari bola. Babu jan karfe a ciki, gilashi ne, ko sisi ba zai samu ba, amma ya kashe wa asibiti da banki da makaranta da ni kaina sabis na wuni guda. Da ya san mene ne a ciki anya zai yanka? Ni ina ganin da yawansu ba za su yi ba, rashin sani ne, kuma ai an ce ya fi dare duhu. Ga barayin batir da na man janareta a gindin karafunan. A 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a wata doka da ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin kasa da taba su babban laifi ne, madalla, amma direban katafila da yaron da ke yawo da buhu wa ya zauna ya fada musu da Hausa? Haka kuma an dade da amincewa cewa kudin da jiha za ta karba in za a binne igiya a kasarta kar ya wuce naira 145 a kowace mita, wasu jihohin ma sun yafe gaba daya, sannan ministan sadarwa Bosun Tijani yana maganar shimfida karin kilomita 90,000 a fadin kasa. Ina so in ga dan jarida ya tsare kowane gwamnan arewa ya tambaye shi, ranka ya dade kai nawa kake karba, kuma kananan hukumomi nawa ne a jiharka igiyar ta isa hedikwatarsu?

'Yan uwanmu na Nijar da Chadi kuwa nasu ya fi namu wuya tunda ba su da teku sam, dole igiyarsu ta ratso ta kasar makwabta kafin ta iso Maradi ko Damagaram ko Njamena, in makwabci ya samu matsala kai ma ka samu, in kun bata da shi kuma hankalinka ba zai kwanta ba.

Akwai kuma wata katsewar da ba teku ba katafila, wadda mu mutanen wannan yanki ba za mu manta ba. Farkon watan Satumba na 2021 aka ba da umarnin kashe sabis a jihar Zamfara baki daya saboda yaki da 'yan bindiga. Kwanakin farko Funtua ta cika makil da mutanen Gusau da Tsafe, mutum ya biya kudin mota ya yi tafiyar awa biyu dan kawai ya kira dansa yace muna lafiya, ko ya duba ko albashi ya shigo. Wani zai zo da wayoyi goma a leda na 'yan unguwarsu da takarda an rubuta wa za a kira me za a ce masa, ya zauna a shagona yana bi daya bayan daya. Ina kallonsu ina tausayi ban san gemuna ne na gaba ba, bayan kamar sati daya mu ma aka dauke mana tare da wasu kananan hukumomin Katsina guda 12, aka taba wasu sassan Sakkwato da Kaduna, sai ga ni nima a mota ina nufar hanyar Zariya da na'urar POS a jaka ina neman inda sanda daya za ta fito. Watanni muka yi a haka. Ban rubuto dan in yanke hukunci kan matakin ba, wadanda suka dauke shi suna da dalilinsu na tsaro kuma duk wanda aka taba sace masa dan uwa ya san zafin da ake ciki a lokacin. Amma na ga mai jinya da ya rasa yadda zai nemi a turo masa kudin magani, na ga dalibin da rijista ta wuce shi, na ji mutanen kauye na cewa ko an shigo musu da dare ba su da yadda za su sanar da kowa. Abin da ya zauna min tun lokacin shi ne ashe abin nan yana da makunni, kuma makunnin a hannun wani yake. A shekarar ce dai aka rufe Twitter a kasar nan daga Yuni har zuwa Janairun 2022, kwana 222, kuma ranar 4 ga Oktoba Facebook da WhatsApp da Instagram suka dauke a duk duniya na wajen awa shida saboda kuskuren da aka yi a cikin kamfanin, mu lokacin muna cikin namu duhun sai daga baya muka ji labari.

Shi yasa da Starlink ya shigo mutane da yawa suka ce alhamdulillahi an huta da igiya da karfe. Kuma gaskiya fasaha ce mai ban mamaki, ba zan rage ta ba. Taurarin sadarwa na da can nesa ake kafa su, kusan kilomita 36,000, shi yasa sako ke jinkiri kafin ya je ya dawo. Su wadannan a wajen kilomita 550 suke, kusa kusa, suna zaga duniya cikin kamar awa daya da rabi, saboda haka dole su yi yawa ta yadda wannan na wucewa wani na shigowa, farantin da ke kan rufinka yana saki yana kamawa kai baka ma sani ba. A watan Mayun 2019 aka harba 60 na farko, yanzu sun haura 7,000. Abin da ya sa hakan ya yiwu kamfanin SpaceX mai Starlink din ya gano yadda roka za ta kai kaya sama ta juyo ta sauka a tsaye a sake mata mai ta koma, tun Disambar 2015 suka fara, da kuwa harbi daya ake yi a yi asararta. A Oktoban 2024 ma na kalli bidiyon da wata katuwar roka ta dawo wasu hannuwan karfe suka cafke ta a iska, na maimaita shi ya fi sau biyar ina tasbihi ga wanda ya ba dan adam wannan basira. Najeriya ce kasar farko a Afirka da aka kunna Starlink a Janairun 2023, Nijar ta samu a 2025. Asibitin kauye ko makarantar da igiya ba za ta kai ba nan da shekara goma, faranti daya da sola sun isa su hada ta da duniya, wannan alheri ne babba.

Amma Edita tsorona a nan yake. Na farko kudin, a 2024 farantin kadai ya kai wajen rabin miliyan ga kudin wata dubbai masu yawa, talaka da ke sayen data ta dari biyu ina zai kai. Na biyu, shi ma tauraron sai ya sauko da sakon wata tasha a kasa wadda ke hade da igiyar nan dai, kuma shi ma yana da nasa hadarin, a Fabrairun 2022 wata guguwa da ta taso daga rana ta kakkabo kusan 40 daga cikin 49 da aka harba a lokacin. Na uku wanda ya fi damuna, dubban taurarin nan duk na kamfani daya ne, kamfanin kuma mutum daya ke juya shi, Elon Musk. Shi da bakinsa a 2023 ya amsa cewa sojojin Yukren sun nemi ya kunna musu a yankin Kirimiya dan su kai hari ya ki. Ka bar batun ko ya yi daidai ko bai yi ba, abin dubawa shi ne dan kasuwa daya yana zaune a Amurka yana yanke inda sabis zai kai a tsakiyar yakin wasu kasashe. A Sudan da layuka suka mutu a Fabrairun 2024 mutane sun koma biyan kudi na awa awa a wurin masu farantin dan su karbi abin da 'yan uwa suka turo musu, a wurare da dama kuma masu bindiga ne ke iko da farantin. Nan yankinmu na Sahel ma an sha ba da labarin jami'an tsaro sun kama na'urar a hannun 'yan ta'adda. To ka hada wannan da abin da ya same mu a 2021, in gobe aka sake kashe karafunan sabis, wa zai shiga duhu? Ni da tsohuwar nan mai jiran kudin cefane. Wanda ke daji da kudin fansa a buhu yana iya sayen faranti ya jingina a gindin bishiya. Ina rokon masu yanke shawarar tsaro su sa wannan a lissafinsu tun yanzu.

Wani zai ce to mu ba mu da namu tauraron ne? Muna da shi. Tun 1999 aka kafa hukumar sararin samaniya ta kasa, a 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha mai daukar hoton kasa, a 2007 aka harba na sadarwa NigComSat-1 daga Chana, ya yi shekara daya da rabi fikafikansa masu karbar hasken rana suka samu matsala ya mutu a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011 wanda aka kera shi ya yi shekara 15. Kowa ya iya lissafi ya kirga ya ga inda 15 din ta fada. Amazon ya fara harba nasa taurarin a 2025, Chana na harba nata, Turawa na da nasu, kowa na kama wuri a sama kamar yadda ake kama fili a sabuwar unguwa. Indiya da ake hada mu da ita a sahun kasashe masu tasowa ta sauke kumbonta a kusa da kudancin duniyar wata ranar 23 ga Agustan 2023. Ni ban ce sai mun je wata ba, yunwa da rashin tsaro sun ishe mu, amma kayan aro baya rufe katara, kuma yanzu albashi da kudin asibiti da jarabawar yaranmu da cinikin hatsi a kasuwar Dandume duk mun dora su a kan abin da ba mu kera ba, ba mu iya gyarawa, yawancinmu ma ba mu san kamanninsa ba.

Dan haka ga rokona gare ka ranka ya dade. Ku ware mana ko rabin shafi ne duk sati a wannan jarida dan irin wadannan abubuwa, da Hausar da mai shayi da mai faci za su gane, ba fassarar da za ka karanta sau uku baka kama bakin zaren ba. Muna da injiniyoyi Hausawa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da cikin kamfanonin sadarwar kansu, a nemo su su yi bayani, a sa hoton igiyar nan mutane su ganta da idonsu, a nuna bututun da ake binnewa a gefen titi a ce in ka ga wannan kar ka taba ga kuma wanda za ka sanar. In za a harba taurari ko za a yi husufi ku riga masu dora murya a bidiyo fada mana, dan in bayani ya riga isa tsoro baya samun wurin zama. Ku rika bibiyar maganar kilomita 90,000 din nan kuna fada mana ina aka kai, ta wace hanya za ta bi, yaushe za ta iso Katsina da Gusau da Birnin Kebbi. Kafafen rediyo su ma su dauka, dan mutanen karkara da yawa ta nan suke ji.

In kun fara, ni na dauki alkawarin duk sati zan yanke shafin in manna a bangon shagona daidai inda mutane ke tsayawa jiran alat. Dattijon nan na kan benci baya karatun boko, amma ya riga ya ce in karanta masa, kuma tun ranar da na ba shi labarin rami mara gindi kullum sai ya tambaye ni wai shin jirgin gyaran yana nan kusa ko ya koma.

Na gode, a huta lafiya.

Naka mai karanta ku kullum,
wani mai shagon POS da cajin waya, Funtua, jihar Katsina.